Minti Goma a Ƙofar Filin Jirgi

Tanimu, tunda ka shigo wannan sana'a tamu ta jigilar matafiya zuwa filin jirgi, bari in ba ka misali guda. Ban yi karatu mai zurfi ba, don haka ba a littafi na samo shi ba. A kaina ya faru.

Ka dai san dokar wurin sauke fasinja. Tun da aka damƙa wa wani kamfani kula da wurin, minti goma ne rabon kowace mota. Kana shiga na'ura za ta miƙo maka takarda mai ɗauke da lokacin shigarka. In ka ƙara minti ɗaya a kai, ma'aikatansu su maƙala wa tayarka ƙarfe, ba sa cirewa sai ka biya tara, kuma ba sa jin magiya. Shekara shida ina shiga ina fita ba su taɓa kama ni ba. Har dariya nake yi wa direbobin da aka kama, ina ce musu agogona a jinina yake.

Ina da wa, Yaya Sama'ila, uwa ɗaya uba ɗaya. Ranar sadakar ukun mahaifiyarmu na faɗa masa magana a gaban mutane, na ce da ya kai ta asibiti da wuri da ba ta mutu ba. Daga ranar har shekara huɗu, tsakaninmu sai gaisuwar masallaci. Ni ne ƙarami, ni ya kamata in je in durƙusa, amma kullum sai in ce gobe. Ana nan ciwon ƙoda ya kwantar da shi, likitoci suka ce a fitar da shi Masar. Babban ɗansa yana da mota, maƙwabtansa ma suna da ita, amma ya aiko cewa ni yake so in kai shi filin jirgi. Na gane nufinsa. A wurinmu mutum ba ya doguwar tafiya bai yafi juna da 'yan uwansa ba, balle tafiyar jinya.

A mota bai taɓo maganar ba, domin matarsa tana baya, ita da ƙanenta da zai raka su. Babba ba ya sauke kansa ga ƙanensa a gaban iyali. Ya dai tambayi lafiyar yarana ɗaya bayan ɗaya, ya kuma ce in sa a duba birkina, yana jin yana kuka. Muka isa da hantsi. Kafin mu sauke akwatuna, a samo masa keken marasa lafiya, mu ɗora shi, lokaci ya ja. Matar da ƙanenta suka tura kaya zuwa wurin bincike, aka bar mu daga ni sai shi. Sai ya kama hannun rigata. Hannunsa ba nauyi, kamar na wanda aka yi wa aron ƙarfi.

Ya ce, "Ɗanlami, tsuguno nan. Akwai magana."

Inna kaɗai take kira na da wannan suna. Na fara tsugunawa ke nan sai na hango ma'aikacin kamfanin yana janyo ƙarfensa a ƙasa, ya nufo motata. Na dubi takarda, saura minti ɗaya. Na ce, "Yaya, bari in gyara fakin, yanzu zan dawo."

Ya dube ni, ya saki rigar. Ya ce, "To, je ka."

Hanyar nan ba a juyawa a cikinta, sai ka fita waje ka kewayo. Ga shi lokacin tashin masu Umara ne, wurin ajiye motoci ya cika maƙil da 'yan rakiya. Na kewaya sau biyu ban samu gurbi ba. A ƙarshe can bayan gidan mai na bar ta, na taho da gudu, takalmina a hannu. Kusan awa guda ta wuce. Na tarar an shigar da shi. Mai tsaron ƙofa ya ce wanda ba shi da tikiti ba ya wuce nan, kuma gaskiyarsa ce. Na yi niyyar kiransa a waya, sai na ce maganar ta fi ƙarfin waya, gara ya dawo in same shi a ɗakinsa.

Kwanansa tara a can ya rasu. A can aka binne shi. Ban wanke shi ba, ban sallace shi ba, ban san inda kabarinsa yake ba. Da matarsa ta dawo na tambaye ta ko ya bar mini saƙo. Ta ce bai bar ba. Ta ce dai ranar ya hana a tura kekensa ciki, idonsa yana kan hanya, har sai da aka kira jirginsu karo na biyu. Da suka zauna a jirgi ya ce mata, "Ɗanlami dai bai dawo ba."

Limaminmu ya ce in kwantar da hankalina, kiran da ya yi mini in kai shi ma yafiya ce. Allah ya sa haka ne. Amma ban ji da kunnena ba, shi ma bai ji ni na ce ya yafe mini ba. Tarar da na guje wa, aikin kwana biyu zai biya ta. Na tsira da tayar mota, ita ma tuni ta cinye na jefar.

Shi ne Hausawa suke cewa, garin neman gira aka rasa ido.