Ƙugiya ba ta da baki

Wata malamar asibiti ta tambayi Malam Ɗanjuma, tsohon malaminta, yadda ƙwayar halittar jiki take sanin ta manne da wani abu, alhali 'yan ƙugiyoyin da ke bayan fatarta kamu kawai suka iya. Ya ce ta gyara zama.

An yi wani masunci da tsufa ya cinye wa ido. Hannu dai lafiya lau, ko a cikin barci sai ya ɗaura ƙugiya. Amma in ya zuba ƙugiyoyin a kogi ya koma gindin gawo, kifi ya kama, ya gama fizge-fizgensa ya tsinke, bawan Allah yana zaune bai sani ba. 'Ya'yansa suka ce to Baba, in damina ta wuce a haka, sai ka ajiye su ka zauna a gida. Wannan magana ta ci masa rai, don shi in ka raba shi da ruwa ka gama da shi. Ran nan yana zaune sai ya ji gwangwanayen korar tsuntsaye suna kacau-kacau a gonar shinkafar maƙwabcinsa. Ashe kunne na nan daram! Ya samo ƙananan gwangwanaye, ya zuba tsakuwa, ya ɗaura wa kowace ƙugiya nata a kan ɗan karan dawa. Ina! Kara ya nutse, gwangwani ya sha ruwa ya yi gum, ƙugiya na can riƙe da kifi babu mai kai labari. Tsoho dai bai da saurin fushi. Ya nemo ƙaton gora mai kaurin baya, wanda ruwa ba ya ratsawa, ya ɗora gwangwani a kansa, ya tattaro igiyoyin ƙugiya biyar ya ɗaure a wuyansa. Kafin azahar kifi ya ja, igiyoyi suka tsuke wuri guda, gora ya yi rawa, tsakuwa ta yi kuka har bakin gaɓa. Tsoho ya miƙe yana murmushi, ya jawo tarwaɗa kamar cinyar mutum. Daga ranar ba wanda ya sake yi masa zancen zaman gida, shi ma bai taɓa yi musu gori ba.

Malam ya ce, "Haka fatar ƙwayar take. Maiƙo ce mai motsi kamar ruwa, a cikinta akwai 'yan tsibirai na kitse mai kauri suna yawo, a kansu masu kai saƙo suke zama. In ƙugiyoyin sun kama abu a waje sai su taru a kan tsibirin, a taɓa mai saƙo, labari ya shiga ciki. Ki watsa tsibirin, kamu na nan, amma cikin gida shiru. Shi ya sa Bahaushe ya ce, da abokin daka akan sha gari."