Bindigar da Ba Ta Tashi da Kanta

Ofelia ta shimfiɗa bindigar mijinta a kan teburin kicin, ta ɗora ruwan shayin mate a wuta.

Mijin nata Eusebio ne ya ƙera ƙotar da hannunsa. Katakon ya yi santsi kamar an shafa masa mai, a gefe kuma ya sassaƙa barewa mai ƙaho, da ɗan ido na azurfa. Madubin saitin da ke samanta, ko gashin kunnen dabba yana nuna maka daga wancan tsauni. A saninta, bai taɓa barin kowa ya riƙe ta ba.

A lokacin farautar barewa aka tsinci gawarsa a kwazazzabo, bindigar a gefensa. 'Yan sanda suka ce faɗuwa ya yi, ta tashi. Ofelia ba ta yi musu ba, amma ta san wannan bindiga ba ta tashi da kanta. Wani ne ya harba, kuma ta rantse sai ta san ko waye.

Shi ya sa ta ce za ta sayar. Maharba suka yi ta zuwa, kowa ya yaba, ya ja kunama da bindigar babu harsashi, kunama ta ƙi motsi. Duk ta sallame su.

Yau Basilio Quiroga take jira, maƙwabcin da suka daɗe suna rigimar shinge da marigayin. Don tsoro ta kira Anselmo ya zauna da ita. Aminin Eusebio ne tun yarinta, shi ya gano gawar, shi ke kawo mata itace tun bayan jana'iza. Ko kallon bindigar ba ya so, ya ce tana tayar masa da hankali.

Basilio ya shigo ko hula bai cire ba. Ya ɗaga bindigar, ya kanga ido a madubin, ya juya bakinta a hankali har ya bi ta kan Ofelia.

"Mijinki mugun maƙwabci ne, Uwargida Ofelia," ya ce, "amma hannunsa, wallahi babu irinsa."

Ya saita taga, ya ja kunama. Shiru. Ya sake ja, ya jujjuya, ya buga ƙotar da tafin hannu. Ofelia ta zuba wa yatsunsa ido kamar mai jiran hukunci. Ba su je ko kusa da wurin da take sa wa ido ba.

"Ta lalace! Kwalliya kawai za ki sayar mini?"

"Kai dai ka saba da almakashin askin tumaki," in ji Anselmo yana dariya. "Kawo nan, kada ka ɓata sunan mamaci."

Ya karɓa, idonsa na kan Basilio. Kunama ta ce ƙas.

Butar ta fara tafasa, Ofelia ba ta tashi ba. Idon azurfar nan makulli ne, sai an danna shi kunama ke motsi, kuma Eusebio ya gaya mata ba zai nuna wa kowa ba sai wanda zai miƙa wa bindigar da hannunsa. Babban yatsan Anselmo yana kan idon barewar, bai ko duba ba.