Inda Numfashin Malam Ya Tsaya

Tunda ka ce kai ma ka koma koyarwa ta waya, ko ƙofar gida ba ka leƙawa, to gyara zama ka ji abin da ya sami wani malamin tajwidi.

Mutumin nan Allah ya hore masa numfashi. Doguwar ayar da wasu sai sun yanka ta biyu ko uku, shi a ja ɗaya yake kai ta ƙarshe, ko gezau. Shekara ashirin yana takawa a ƙasa zuwa wata Islamiyya a bayan gari, safe da yamma, yana tafe yana mitar nisa, bai san tafiyar nan ce ke buɗe masa ƙirji ba. Da karatun waya ya shigo, ɗalibai suka yi masa caa, daga Legas, daga Kumasi, har da Jidda. Malam ya ce alhamdulillahi, an huta da shan rana. Ya shimfiɗa darduma a ɗaki, ya jingina waya da littattafai, ya tanƙwashe ƙafa. Daga hantsi har la'asar wannan aji na fita wancan na shiga. Tuwo a nan, shayi a nan, masallaci kuwa taku goma ne daga zaure. Cikin ɗaliban akwai wata matar aure a Legas da ta ƙwallafa rai a kan musabaƙar matan Islamiyyu. Shekara biyu tana shiri, kuma duk abin da ta iya daga bakinsa ta ɗauka. Ka dai san yadda karatun nan yake: kunne ne ke karɓa daga baki. Yadda malam ya ja haka za ka ja, inda ya tsaya nan za ka tsaya.

Sannu a hankali tumbi ya leƙo, ƙirji ya tsuke. Ayar da yake shanyewa a ja ɗaya ta fara gagararsa, sai ya riƙa ɗan tsayawa a tsakiya, ya saci numfashi ya wuce, yana cewa a ransa ai ba mai lura. Maimakon ya tuhumi zaman nan, sai ya ɗora wa maƙogwaro laifi, yadda makaranta suka saba. Ya shiga zuma, ya shiga citta da kanumfari, ya ƙaurace wa ruwan sanyi. Ina! Maƙogwaro lafiyarsa lau, iskar ce babu. Matarsa ta ce ya riƙa fita da safe yana miƙe ƙafa, ko da zagaya unguwa ne. Ya ce haba, dattijo da shi, da gemunsa da rawaninsa, a gan shi yana yawo babu gaira babu dalili kamar wanda akuyarsa ta ɓata? Lokacin da za a ɓata a yawon ma, ya cusa wani sabon aji a ciki.

Ranar musabaƙa aka ja wa baiwar Allahn nan ta Legas baƙi, wato aka karanto mata farkon aya, ta kama karatu tiryan-tiryan. Ta iso tsakiyar wata doguwar aya ta tsaya, a wurin da tsayawa ke gutsure ma'ana. Alƙali ya buga ƙararrawa. Ta koma baya da ƙarfin gwiwarta, ta sake tsayawa a nan ɗin dai. Aka sake bugawa. Tun a zagayen farko aka sauke ta.

Ba ta yi ƙorafi ba. Ta turo masa karatun da aka naɗa, ta haɗa da 'yar gajeriyar magana: "Allah gafarta Malam, a taimaka a duba mini inda na kuskure. Ni dai inda kuke tsayawa na tsaya."

Malam ya kara waya a kunne. Ya saurara har ƙarshe. Ba tsayawar kaɗai ta kwaikwaya ba, har 'yar shessheƙar da yake yi in zai saci iska ta haddace, ta zaci ƙa'idar karatu ce. Kunya ta rufe shi, tausayinta ya kama shi, wallahi sai da ya yi hawaye. Ya tuna yana da ɗalibai sama da arba'in, ya tuna ita kanta matar tana koyar da matan layinsu a tsakar gidanta. Gajiyar da ya ɗauka tasa ce shi kaɗai, ashe ta riga ta shiga bakin mutanen da bai taɓa gani ba.

Don haka kafin ka buɗe aji na gaba, tashi ka taka ƙasa, ka sha iska, ajin ba zai gudu ba. Masu iya magana sun riga sun faɗa: da ruwan ciki ake jan na rijiya.