Takardar da Malam Dawuda Bai Karanta Ba

Kwana biyu ke nan Malam Dawuda yana yawo da takarda a aljihu, kuma kowa a ƙauyen ya san abin da ke cikinta. Ƙauyen nasu yana bakin babbar hanyar da ta tashi daga Garuwa ta nufi Ngong, kasuwarsu kuwa a gefen kwalta take ci. Manyan motocin auduga da na siminti a guje suke ratsa ta. Direba ya danna ham kawai, mata su kwashi faranti su yi gefe. A shekara guda an take awaki ba adadi, an kuma karya wa wani tsoho ƙugu.

Kada mai karatu ya ce babu 'yan sanda. Suna nan. Suna can gindin dalbejiya bayan an wuce kasuwa, inda inuwa ta fi daɗi, suna tare masu babur suna duba takardu. Babbar mota kuwa hannu suke ɗaga mata.

Da aka ji depite, wato ɗan majalisar yankin, zai zo zagaye tare da shugaban 'yan sanda, sai jama'a suka taru. Gaston, wani manomi da ya sauko daga kan duwatsu ya zauna cikinsu, shi ya rubuta kukansu da Faransanci: a yi tudun rage gudu a bakin kasuwa, 'yan sanda su riƙa tsayawa wurin ranar kasuwa, depite kuma ya faɗi ranar da za a fara. Masu sa hannu suka sa, sauran suka dangwala yatsa. Aka damƙa wa Malam Dawuda takardar, don shi ne dattijo, kuma ya yi boko.

Matarsa Mairamu, wadda ke gasa masara a bakin titin, ta tare shi da safe.

"Malam, don Allah ka karanta musu ita duka. Jiya iskar wata kamiyo, babbar motar kaya, har murhuna ta kifar."

"Haba Mairamu! Ni za ki koya wa magana a gaban mutane?"

Depite ya iso da hantsi, kuma mutumin ya san takan jama'a. Bai zarce wurin taro ba, sai da ya biya zauren Malam Dawuda. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya gaishe shi da Fulatanci da Hausa, ya ce, "Baba, jam na? Yaya ƙarfin jiki?" Ya tuna masa yadda kakanninsu suka yi fataucin goro tare. Ya sha furar da Mairamu ta dama har ya nemi ƙari. A gidan su Malam Dawuda kuwa, tun kaka da kakanni, baƙon da ya ci abincinka ba ka tsare shi da tambaya a bainar jama'a.

A wurin taro depite ya yi jawabi mai tsawo, sannan ya ce, "To, akwai wata damuwa?" Shugaban 'yan sanda ya buɗe littafinsa, ya zaro biro. Idanu suka koma kan Malam Dawuda. Ya miƙe, ya kai hannu aljihu, ya dubi mutumin da ɗazu ya durƙusa masa. Kunya ta kama shi.

"Ranka ya daɗe, sai godiya. Lafiya lau muke."

'Yan rakiya suka ɗau tafi. Odette matar Gaston ta ɗaga murya daga baya, "Baba Dawuda, takarda fa?" Aka ce ta yi shiru, manya na magana. Shugaban 'yan sanda ya rufe littafinsa bai rubuta komai ba.

A gida Mairamu ta ajiye masa tuwo ta koma ɗaki. Shi ya bi ta da bayani, wai zai kai wa depite takardar ofis a Garuwa, su biyu kawai, hakan ya fi mutunci. Ya kuwa je, har sau biyu. Duk zuwan aka ce masa Onorabul, wato depite, yana Yawunde, babban birni. Daga nan aikin gona ya taso, maganar ta bi ruwa.

Bayan mako bakwai, ranar kasuwa wajen azahar, wata motar siminti ta shigo a guje. Mai amalanke ya gitta, direba ya kauce masa, motar ta yi kan 'yan gasa masara. Mairamu tana sunkuye tana fifita garwashi, ba ta ko ɗago ba. An ɗauke ta da rai, amma ba ta kai asibitin Garuwa ba. Shekara talatin da ɗaya suna tare da Malam Dawuda.

Ranar addu'ar uku depite ya zo ta'aziyya. Gaston ya kasa daurewa, ya miƙe a cikin zauren.

"Onorabul, hanyar nan kake bi kullum. Ba ka ganin yadda motoci ke gudu? 'Yan sandan nan wa suke tsaro?"

Depite ya buɗe hannuwa. "Ni na zo da ƙafata na tambaya, ga shugaban 'yan sanda shaida. Baba ya ce lafiya lau. Abin da na kai sama ke nan."

Ya san hanyar sarai, mu ma mun san ya sani, amma an riga an ba shi mafaka. Malam Dawuda ne ya amsa.

"Gaskiya ne. Ni na faɗa."

Ya ja bakin rawani ya rufe fuska, kafaɗunsa na girgiza. Babu wanda ya iya ba shi haƙuri.

Jama'a, ɗan majalisa da ɗan sanda aikinmu suke yi, tambayarsu ba rashin kunya ba ce. Mu karrama su a zaure, amma a wurin taro mu faɗi abin da ke kashe mu, mu nemi amsa da ranar cikawa. Duk wanda ya ce "lafiya lau" alhali babu lafiya, ya wanke su, kuma a gidansa ko gidan maƙwabcinsa za a yi zaman makoki.