Makuba a Bangon Siminti

Warin makuba nake tunawa. Ina shekara takwas lokacin, a tsohon gidanmu na unguwar Shisha a Makka. Ɗakin Kaka yana ƙasa, rabinsa a cikin dutse, shi muke kira badrum. Bangon yana tsatsafar ruwa, Kaka kuma tana tari. Baffana na Jidda ya ce in bai bushe ba zai zo ya ɗauke ta, ita kuwa ta ce ba ta barin Makka da ranta.

Wata la'asar na tarar da Baba yana shafa wa bangon makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, wanda wani alhaji ya kawo wa Kaka daga Katsina. Ta ce da shi suke shafe katangar laka, damina ba ta cin ta.

Baba magini ne. Na sha jin yana cewa maganin tsatsafar bangon siminti sai kwalta, kuma sai an haƙa ta baya, mu kuwa bayanmu dutse ne.

Na ce, "Baba, wannan ai ba laka ba ce."

Ya ce, "Riƙe bokitin, ya binti," wato 'yata.

Kaka daga kan gado ta ce, "Ƙara wa kwanar can."

Baba ya ce, "To, Inna."

Ba a yi sati biyu ba ruwan ya dawo, Baffa ya zo da mota. Yanzu na haifi nawa 'ya'yan, amma har yau ban gane ba: Baba ya sa rai ne da gaske, ko kuwa so yake Kaka ta gani da idonta an gwada nata?