Motar Tela da Ba Ta Son Tsayuwa

Kai da ka ce ka duba ko'ina ba ka gano inda matsalarka take ba, bari in ba ka misalin wani tela.

Telan nan yana da tsohuwar mota da ya gada wurin kawunsa, har ta girmi telan da shekara biyu. In tana gudu ba ka da abin cewa. Amma da ta ɗauki zafi, ya taka birki ya tsaya, sai inji ya kama kakkarwa, ya yi tari biyu ya mutu, kuma ba za ta sake tashi ba sai an tura. 'Yan unguwa har sun gane, in sun hango shi ya doso kwana, kowa sai ya tuna da wani aiki a cikin gida. Shi dai ko a jikinsa, har ranar da aka aiko daga garin surukansa cewa matarsa ta gama wankan jego na haihuwar fari, ran Asabar ya zo ya ɗauke ta da jaririya. Nan fa hankalinsa ya tashi. Ya san ƙofar gidan nan sarai: da hantsi babu kowa a layin sai surukinsa da abokansa dattawa a kan tabarma. Mutumin da ko sunansa ba ya iya faɗa, shi ne zai naɗe babbar riga ya tura masa mota? Gara ƙasa ta tsage ya shige.

Sai ya tasar wa kafireto, mai haɗa wa inji fetur da iska, don duk wanda ya tambaya a majalisa kafireto yake ce masa, har da waɗanda ko keke ba su taɓa mallaka ba. Kullum da sanyin safiya yakan shimfiɗa buhu, ya kwance shi, ya wanke da fetur, ya hura kowace kafa da bakinsa, ya mayar. Mota ta tashi lafiya lau, ya tafa hannu ya ce yau kam an gama. Kafin ya kai kasuwa ta sake kunyata shi. Ruwan lagireto mai sanyaya inji kuwa kowace rana sai ya ƙara mata buta guda, yana cewa ai bazara ce, kowa ma ƙishirwa yake ji. Kuskurensa ɗaya ne: bai taɓa leƙa injin yana da zafi ba. Da safe yake gyara, lokacin da komai ya huce, in kuma ta mutu a hanya kunya ba ta barinsa ya buɗe bonet, burinsa kawai a tura shi ya ɓace daga idon mutane.

Ran Juma'a, da ya dawo daga masallaci, motar ta mutu daidai ƙofar gidansa, rana na tsakiya. Saura kwana ɗaya. Don haushi ya ɗaga bonet, ya sunkuya da niyyar ya gaya wa kafireto abin da ke ransa, sai ya ji yayyafi mai ɗumi a bayan hannunsa. Ya dubi sama, ko ɗigon gajimare babu. Da ya karkata kai, hasken rana ya nuna masa wani tsirin ruwa, sirantarsa ba ta kai zaren ɗinki ba, yana fitowa daga tiyon lagireto kusa da inda aka ɗaure bakinsa, yana sauka kan wayoyin fulogi. Ashe sai ruwa ya yi zafi hujin yake buɗewa, ya jiƙa wayoyin, wuta ta ɗauke. Tela ya zauna a dakali ya yi ta dariya shi kaɗai har da hawaye. Kwana shida yana dukan wanda bai ci ba bai sha ba, alhali ɓaraka ce, abin da ya fi kowa sani a garin. Ya jira inji ya huce, ya kwance ɗaurin, ya yanke kamar faɗin yatsa biyu daga bakin tiyon da wuƙa, ya tura sauran ya zauna daram, ya ɗaure tamau, ya goge wayoyin da ƙyalle, ya cika ruwa.

Washegari ya isa ƙofar surukansa, ya bar motar a kunne da gangan, ya tuɓe takalmi ya durƙusa gaisuwa. Ka san sallamar mata. Aka fito da gara, aka fito da kwanuka, goggon matar ta manta mayafi ta koma, wata maƙwabciya ta ce sai ta sake ganin jaririya. Aka fi rabin awa ana haka, mota na tsaye tana gunjinta a hankali, ko tari ɗaya ba ta yi ba. Tsohon ya dube ta, ya gyaɗa kai ya ce, "Tsohuwar nan da sauran ƙarfinta." Tela ya sunkuyar da kai ya ce, "Mun gode Allah, Baba." A ransa kuwa daɗi ya cika shi fal, ji yake kamar ya tashi ya taka rawa. Ya ɗauko iyalinsa ya kawo su gida da mutuncinsa, ba wanda ya taɓa bayan motar.

Saboda haka kai ma ka koma ka dubi abinka a lokacin da yake ba ka wahala, ka kuma leƙa wurin da ba wanda ya ambata maka. Hausawa sun ce: ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.