Fenti Hawa Bakwai

"Mama, me kika yi haka?!"

Qiao Desheng ya dafe kai. Wata huɗu ya kwashe a kan gunkin allahiya Guanyin da ya sassaƙa, yana turara shi da hayaƙi, yana huda shi kamar cin gara, don ya yi kama da ɗan shekara ɗari tara. Ga shi yanzu yana ƙyalli da jan fenti, mai saye daga Hong Kong kuma har ya shigo tsakar gida.

"Sabuwar shekara ta ƙarato," in ji tsohuwar, tana murza taliya. "Wa ke barin Guanyin cikin tsumma in ba marar kunya irinka ba?"

Mai sayen ya zaro 'yar wuƙa ya kankare gefen ƙafar gunkin. Ƙarƙashin ja akwai kore, ƙarƙashin kore ruwan zinariya, har hawa bakwai.

"Kowane zamani da nasa fentin. Wannan ba jabu ba ne." Ya biya, aka naɗe gunkin a bargo, mota ta tashi.

Desheng ya yi sororo. Shi dai hawa ɗaya ya san ya shafa.

"Mama, wane gunki ne wannan?"

"Naka duk gara ta cinye, da shi na hura wuta. Na aro na haikalin ƙauyenmu don kada ka ji kunya gaban baƙo. Jibi zan mayar."

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani dattijo ne riƙe da makullan haikali.

"Jibi ta yi nisa," in ji shi. "Yau za a zagaya gari da ita."